Kurakuran Kawu Mai Kwafi

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kwafin sabon kiɗana ya iso, na gode, amma ina da ƙorafi: babu kuskure ko ɗaya a ciki. Shekara ashirin ina aiko maka da cakuɗaɗɗen rubutuna kana kwafe wa makaɗa, kuma kullum sai hannunka ya goce, ka ɗaga sarewa inda na sauke ta, ko ka sa shiru inda ban sa ba. Yau zan tona kaina: kurakuran nan sun fi abin da na rubuta daɗi, shi ya sa nake kama bakina in bar su. Wannan karon mun gwada, kiɗan ya fito a bushe, ga taron kiɗa ranar Asabar, na farko tun rasuwar Baba. Ko sabon tabarau ka saya?

Ɗanka mai neman tsokana.

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ban taɓa yin kuskure a kwafi ba. Shekara arba'in ina kwafe wa mahaifinka nasa kiɗan, da ina kuskure da ya kore ni tun makon farko. Duk takardar da ka aiko, kafin in jiƙa alƙalami yake turowa a karɓa. Sai ya rufe kansa a ɗakin piyano kwana biyu, sannan ya kawo da kansa, da gyara uku ko huɗu da fensir. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, wai in ka sani za ka yaga su.

Na ɗauka ka gane tuntuni. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Ka yafe mini.

Kawunka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, iyakar abin da zan iya ke nan. Na karanta a tsaye, sai da mai ganga ya turo mini kujera.

Kai ka riƙe mini jaka ranar da na bar gida don 'yan jarida sun ce inuwar Baba ce ni. Mutumin nan bai taɓa zuwa tarona ba. In na je gaishe shi, lafiyar mota yake tambaya. Ashe wuraren da ake tafa mini, waɗanda na riƙa nunawa ina cewa ga inda na fi ƙarfin tsoho, duk fensirinsa ne! Har a rediyo na faɗa, yana gida yana ji. Ban san ko kuka zan yi ko zagi ba, kuma kunya ta hana ni fita daga ɗakin gwaji.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ka lallashe ni. A cikin shekara ashirin, akwai ko guda ɗaya da ya dawo da shi bai taɓa ba? In babu, zan soke Asabar.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Ina gaishe ka. Na so in yi maka ƙarya, hannuna ya ƙi.

Babu ko ɗaya. Wannan da ke gabanka shi ne na farko da za a ji ka kai kaɗai. Na kwafe shi, na san abin da ke ciki, amma ba zan ce komai ba.

Na sayi tikiti. Ranar Asabar zan zo da sandata in zauna, ko ka fito ko ba ka fito ba.

Ka huta lafiya.
Kawunka.