Gwaggona na shanya kuɓewa a kan solar makarantarmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, a yankin Anka. Bara wata ƙungiya ta sa mana sola, farantai da batir da kwamfutoci, aka kafa farantan ƙasa-ƙasa don yara su iya taɓawa, aka kewaye da waya saboda awaki. Wallahi tunda na fara koyarwa ban taɓa jin daɗin aiki haka ba. Da a allo nake zana lantarki yara suna hamma, yanzu su ke goge farantan, su ke duba ƙarfin batir, har faɗa suke wa junansu in an bar fanka tana juyawa ba kowa a aji.

To damina ta wuce, aka fara shanya. Na zo da safe na tarar da yankakkiyar kuɓewa da barkono an baza su a kan farantan reras. Na ɗauka abin rana ɗaya ne, na kwashe. Washegari har da tattasai. Batir ya daina cika, kafin azahar komai ya mutu, darasin kwamfuta ya tsaya. Da na bincika, ashe Gwaggona ce ta fara, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun rasuwar Innata, sauran mata suka bi ta.

Ku gane, garinmu na cikin waɗanda gubar dalma ta yi wa ɓarna lokacin da ake daka dutsen zinare a gidaje. Gwaggo ta binne 'ya'yanta a lokacin. Ma'aikatan lafiya sun ce kada abinci ya taɓa ƙasa, ita kuwa har yau ko tabarma ba ta yarda da ita. Na je na durƙusa na yi mata bayani, ta ce, “Ɗan nan, ƙasag ga ta ci mini ɗiya, kai kana mini zancen batir? Wuri guda munka samu mai tsabta, akuya ba ta kai.” Na ɗaura musu gadon kara a bayan makaranta, awaki suka hau suka cinye shanyar, laifin ya dawo kaina.

Yanzu mutanen ƙungiyar sun zo sun ga batir ya fara lalacewa, sun ce in haka ta ci gaba za su kwashe kayan su kai wata makarantar a Gummi. Hedimasta ya sayo kwaɗo ya damƙa min, wai dangina ne, in san yadda zan yi. Kwaɗon nan yana aljihuna, kullum in tsaya a ƙofar wayar in kasa rufewa. Jiya ma Gwaggo ta aiko min da tuwo da miyar kuɓewa, na san inda aka shanya ta, kuma na ci.

In na rufe, da wane ido zan kalli matar da ta goya ni? In na bari, yaran nan sun koma zane a allo. Jama'a, in ku ne, za ku rufe ƙofar?