Hular da Ake Maƙalawa da Fil

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki, ta saki kuwa?

Kin ce in daina ɓoye miki abu, to ga shi. Sabon shugaban mawaƙan cocinmu ya kawo dogayen riguna, da wata 'yar hula kamar murfin kwano, wadda ake maƙalawa a gashi da fil. Ya ce daga yau ba ɗankwali a layin mawaƙa. Yaya, ni a me zan maƙala? Maganin ciwon dajin da ake ɗura mini a asibiti bai bar mini ko silin gashi ɗaya ba, kuma ke kaɗai kika sani. Na roƙe shi ya bar ni da ɗankwalina, wai in ya bar ni kowa ma zai nema. Matar fasto har tsokanata take, wai ko na fi kowa tsarki ne. Na yi dariya, raina kuwa a ɓace. In na faɗi gaskiya zaunar da ni za su yi, na san halinsu. Waƙar nan kuwa ita kaɗai ke fitar da ni daga gado.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta.

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ki shafa mini kan yaran.

Na bi shawararki, na sayi hular gashi, na maƙala 'yar hular a kanta. Ranar Lahadi zafi ake yi, fankar bayanmu kuma ta mutu. Gumi na bin wuyana, na sunkuya a baitin ƙarshe yadda aka koya mana, sai na ji iska a kaina. Duka biyun suna ƙasa, a gaban jama'a. Na ƙarasa baitin, ban san ta yaya ba.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Matar fasto ta rungume ni tana kuka, shugaba ya zo har gida neman gafara. Daga baya manyan coci suka yi zama, wai tsayuwa na wahalar da ni, in huta sai na warke. Ke ma kin san abin da likita ya ce game da warkewar.

An ba wata yarinya rigata, tela ya rage mata tsawo. Yanzu a bencin tsofaffi nake zama. In na ɗaga murya sai ta kusa da ni ta dafa hannuna, ta ce kada in gajiyar da kaina.

Na gaishe ku duka.
Ƙanwarki, Auta.