Shirun da Rabe Ya Bari a Faifai

Litinin, 4 ga Oktoba, 1965

Malam, maigidana, ya kwaso kayan Faransanci daga makaranta ya kawo gida, wai gara ta shiga sito tana cin takardu. Na baturiyar da ta koyar kafin shi ne. Katuna masu hotuna, allon bargo da ake manna wa mutanen takarda, wani ƙunshin katunan Sifaniyanci da ba wanda ya taɓa kwancewa, sai rikoda mai batir da faifai huɗu. Faifan kamar siririn ƙyalle ne ruwan ƙasa, an naɗe shi a gargare. Ya nuna mini yadda ake kunnawa, ya ce in taɓa komai ban da jan maɓalli, shi ke shafe magana.

Ya bar mini aiki: in yanka hoton tumatir, albasa da kifi, gobe 'yan aji biyu za su ci kasuwa a cikin aji da Faransanci. Ina tsakiyar littafina, 'yar attajiri ta ɓata a daji, amma na ajiye. Kifin ya fito kamar takalmi.

Laraba, 6 ga Oktoba

Na kunna. Tsakar rana, Malumfashi tsit, ko akuya ba ta motsi.

Faifai na uku yara ne ke magana ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi zancensa, ya ɗaga murya kamar mai tambaya, sai ya yi shiru. Na ƙirga shirun: biyar. Yaro na ƙarshe muryarsa siririya ce, yana jan kalma. A shirunsa ana jin kukan kurciya, da numfashi. Na sauran ba a jin numfashi.

Da Malam ya dawo na tambaye shi. Ya daɗe yana cire takalmi. Ya ce Rabe ne, ɗan ƙauyen Ƙarfi, wanda maciji ya sara a gonar auduga lokacin hutun damina, ya rasu. A watan Yuni aka ɗauki maganar. Shirun kuma shi ya koya musu, su ƙirga biyar a zuci don a sami gurbin amsa. Ban tambayi amsar me ba. Tuwona ya kusa kamawa.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Kalma ɗaya na sani: "ma mer", uwata. Rabe ya faɗe ta sau biyar.

Asabar, 9 ga Oktoba

Iyabo, maƙwabciyata Bayarabiya, ta leƙo ta katanga da sababbin littattafai biyu daga shagon mijinta a Funtua. A Funtuwar aka haife mu duka, amma Hausarta ta fi tawa kaifi. Na kunna mata. Ta ja baya har ta taka turmi, ta ce amaryar boko, ke dai ba ki da aikin yi, mutum ya kwanta dama kin tashe shi yana yaren Nasara. Daga nan ta ce ai ta san uwar, Tasalla mai daddawa, duk Alhamis tana shigowa gari.

Na roƙe ta kada ta faɗa wa Tasalla. Ta rantse. Na san rantsuwar Iyabo.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Tasalla ta zo. Doguwa, fuska a bushe, ƙwarya a ka. Ta yi sallama kamar mai talla, na sayi daddawa duk da warinta yana tayar mini da zuciya kwanan nan. Ba ta tashi ba. Ta ce an ce mata "wannan yaron" yana cikin akwatin Malam.

Ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ranar da aka kai shi ma ba wanda ya ga hawayenta. Iyabo ta faɗa mini. Haka innata take da yayana, ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba sai yau.

Na kunna. Ba ta kalli rikodar ba, bango take kallo. Da ya gama, shirun ya wuce, sai ta ce, "Matar Malam, me yake cewa?"

Da na ce ban sani ba, shi ke nan. Amma idonta. Kuma littafin Iyabo yana kan gado, inda ɗan da ya yi nisa ya aiko wa uwarsa takarda. Sai na ji bakina yana cewa, Inna, cewa yake yana wani lambu mai inuwa, ruwa na gudu a ƙarƙashin itatuwa, ba ya jin ciwon komai, kada ki damu.

Ta gyaɗa kai. Ta ƙara mini daddawa biyu ta tafi.

Allah ya yafe mini. Amma ta tafi da sauƙin ƙafa, na gani.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Malam ya yi ta dariya yana ba ni labarin kasuwar aji. Wani yaro ya ƙi sayar da kifina, wai ko da Faransanci ba zai cuci mutum ba. Na yi dariya. Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Ta dawo da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle, ta ajiye gaban rikoda. Na ce Inna, tun watan Yuni aka ɗauki maganar nan, yana da rai. Ta ce to, in tun yana da rai ne, ta yaya ya san zancen lambu?

Sai ta ce yau me ya ƙara? Na ce yana gaida ƙannensa. Na ce an ba shi farar riga.

Bayan tafiyarta na sake kunnawa ni kaɗai. Shirun ya kai shida. Na ƙirga sau uku da yatsa.

Asabar, 23 ga Oktoba

Gyaɗar tana nan kan akwati. Na kasa ci, na kasa zubarwa.

Talata, 26 ga Oktoba

Cikin mutanen takarda na allon bargo akwai guda talatin da baturiyar ta yanka, kowane ɗalibi da nasa, suna a baya. Malam ya ɗebi ashirin da tara ya tafi da su. Ɗayan da ya rage, na Rabe, na sa shi a littafina. Da azahar na same shi ya leƙo da kai daga shafi. Iska ce. Ko ni ce ban tura shi sosai ba.

Alhamis, 28 ga Oktoba

Yau muryar ta canza. Ta yi kauri, ta yi nauyi, tana tafiya a hankali kamar ta magidanci. Shirun ya kai tara, numfashin kuma kamar mutum yana tsaye bayan ƙofa.

Tasalla ta dafa tabarma. Ta ce, "Ya girma." Can kuma ta ce muryar ubansa ce sak.

Ba ta tambaye ni fassara ba. Ta zauna har inuwa ta juya, ta ce a sake, a sake. Ba ta kai daddawar kasuwa ba, da ƙwaryarta cike ta koma.

Juma'a, 29 ga Oktoba

Malam ya kunna don shirya darasi, ya ji, ya ce af, batir ya yi sanyi, wa ke cinye shi haka? Ya sa sabo. Rabe ya koma yaro, shiru ya koma biyar.

Batir ne kawai. Na rubuta don in riƙa dubawa.

Ya kuma ce ran Litinin 15 ga wata mai zuwa za a yi jarrabawar baka, sauran faifai ukun sun cika da darasin baturiya da ba a taɓawa, dole a ɗauka a kan na uku. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Iyabo ba ta yi wasa ba yau. Wata 'yar Ƙarfi ta gaya mata gyaɗar Tasalla tana nan a gona ba a cire ba, kowa ya gama nasa. Ba ta dafa kalwa, ba ta kula ƙananan. Zama take a bakin zaure tana jiran Alhamis. Ta fara cewa tunda can da inuwa da ruwa, me take yi a nan.

Iyabo ta ce ke kika ɗaura, ke za ki kwance, ni bakina kawai na kai. Sannan ta dubi zanena ta ce wannan kuma tuwo ne ko daddawar ce ta karɓe ki? Na ce ta fita mini daga gida.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Na ce wa Tasalla Malam ya tafi da akwatin. Ƙarya ta nawa ke nan. Yana ƙarƙashin gado, kuma duk zaman da ta yi idonta na kan gadon.

Litinin, 8 ga Nuwamba

Na faɗa wa Malam bayan la'asar, yana gyaran littattafan yara. Duka, har farar rigar. Na so ya yi faɗa. Ya rufe alƙalami ya ce, Shafa'atu, abin da yaron ya faɗa ai ya fi naki. Ya kunna, yana tsayarwa yana rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa.

Wasa ne ashe. Kowa zai ba da labarin kansa ba tare da suna ba, aji su canka ko wane ne. Ga na Rabe, na kwafe:

"Shekarata goma sha biyar. Gidanmu yana kusa da rijiya. Uwata tana yin daddawa. Uwata tana tashi kafin zakara. Uwata tana da baƙar akuya mai taurin kai. Uwata tana ajiye ƙanzo ƙarƙashin ƙwarya, ta ce na kaji ne, amma kullum ni nake ci. Uwata ba ta kiran sunana, tana cewa kai wannan. Ni wane ne?"

Sai ƙirga biyar.

Malam ya ce an shirya a saurara bayan hutu a yi cankar. Da aka dawo bai iya kunna wa ajin ba. Ba wanda ya taɓa amsa masa.

Talata, 9 ga Nuwamba

Wata biyar yana tambaya.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Malam ya ce zai nemi izini a makaranta ya zauna har Tasalla ta zo. Na ce a'a, ba za ta buɗe baki a gabansa ba, kuma ni na yi.

Da ta zo na durƙusa na ce Inna, na yi miki ƙarya. Ba lambu, ba riga, ban jin yaren, daga littafi na ɗauko. Ta dube ni, kallon da ban so in sake gani. Ta jawo ƙwaryarta za ta ɗora. Na ce ki tsaya ki ji na gaskiyar, Malam ya rubuta, in kin so ki tsine mini bayan haka.

Na karanta. Wajen akuya ta ce uhm. Wajen ƙanzo ta saki ƙwaryar. Ta ce, "Ashe ya sani." Ta ce shekara goma tana kifa ƙwaryar nan tana fita ɗebo ruwa don kada su haɗa ido.

Na bayyana mata wasan, da tambayar, da shirun. Na ce ran Litinin za a shafe, amma Malam ya ce zai yanke wajen da reza ya ba ta. Ita dai ta ce in kunna.

Tsakar rana ce, irin ta ranar farko. Ya yi ta magana da siririyar muryarsa, ina bin takarda da yatsa ina nuna mata inda yake duk da ba ta karatu. Ya ɗaga murya. Ya yi shiru. Kurciya. Numfashi. Ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, na ce shi ke nan zai wuce.

"Rabe," ta ce.

A hankali, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Faifan ya ƙare yana kaɗa bakinsa, fat, fat, fat, ba wadda ta tashi ta kashe. Sai a lokacin ta yi kukan. Na rufe ƙofa, na zauna a waje ina korar kaji.

Da ta fito ta wanke fuska, na sake yi mata zancen reza. Ta ce, "Ya tambaya, na amsa. Ku shafe, yaran mutane su yi karatunsu." Ta tambaya ko gyaɗa na yin tsiro a ƙasa in ta wuce lokaci haka. Ita da ta fi ni sani. Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ƙara mini daddawa ba.

Litinin, 15 ga Nuwamba

Malam ya tafi da rikoda. Ya danna jan maɓalli da kansa, in ji shi.

Alhamis, 25 ga Nuwamba

Tasalla ta wuce ta ƙofar Iyabo, ƙwarya rabi, ta sayar. Nan ba ta shigo ba. Na ji sallamarta ta katanga, ban leƙa ba. An ce ta cire gyaɗar, kashi ɗaya cikin uku ya lalace.

Na saurari faifai na uku. Sababbin yara, suna sayen albasa. A can ƙarshe ɗan guntu ya rage da ba a hau ba. Kurciya kawai. Na kasa kunne sosai, kurciya kawai.

Iyabo tana neman littattafanta. 'Yar attajirin tana nan a daji inda na bar ta, mutumin takarda na tsare mata shafi. Zan mayar, ba don komai ba, idona ne ke gajiya. Katunan Malam nake dubawa da rana, na san kalma goma sha ɗaya yanzu.

Ungozoma ta ce watan Mayu zan sauka, in Allah ya kai mu. Innata ta aiko a tuna mini yadda ake yi da na fari, kada in ba ta kunya. Zan yi yadda ake yi, mana. A gaban mutane.

Ɗaki dai yana da ƙofa.