Akussan Baba a Murhun Gashi

Baban Da-som,

Ka karanta wannan kafin Mama ta fito daga ɗaki.

Da safe na jera dankali da naman aladen gwangwani a tire, na barbaɗa cuku, na kunna murhun gashi ya yi zafi. Ban leƙa ciki ba. Ashe Mama ta mayar da shi kabad, a ciki take ajiye akussan katakon da ake zuba wa marigayi Baba abinci ranar tunawa da shi. Sai da ƙauri ya cika kicin na ankara. Biyu sun ƙone ƙurmus, har da na shinkafarsa, ga shi saura kwana huɗu ranar ta zo.

Na naɗe su a jarida, na tafi kasuwa ko zan dace da irinsu. Tiren yana wurin Maman Gyu-ri a hawa na bakwai, ita ke gasa mana. Ka karɓo shi goma da rabi, don sha ɗaya Da-som za ta iso da saurayinta. Ba na so zuwansa na farko ya tarar da rigima.

Ka bar tagogi a buɗe. In Mama ta ji ƙauri ta tambaya, ka ce kai ka kunna. Shekara ashirin da shida ina rufa maka asiri a wurinta. Yau kai za ka ɗauki laifin, ai kai ta haifa.

Seon-ok