Buhunan Takin da Na Tara wa Gonar Babana a Agege

Assalamu alaikum Malam Sunusi,

Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna idan na faɗa wa abokan aikina dariya suke yi, idan na faɗa wa matata sai ta toshe hanci. Ni mahauci ne a mayankar Agege. Na baro ƙauyenmu na ƙasar Kazaure tun ana murnar samun mulkin kai, da niyyar in ci rani ɗaya in koma, ga shi furfura ta same ni a Ikko.

Babanmu ya rasu ya bar mana gona a gabas da gari, jigawa ce mai gawo uku. Malam, da ka gan ta a zamaninsa. Gero yakan shanye mutum yana tsaye. Da an gama girbi Fulani suke sauke shanunsu a cikinta, su ci kara su kwana a nan har tsakiyar rani, mu sha nono, Baba ya ba Arɗonsu dami. Har yau idan hadari ya haɗu a Agege aka fara yayyafi, sai in tsaya da wuƙa a hannu ina jiran ƙamshin nan na ƙasa idan ta sha ruwan farko. Ba ya zuwa, sai warin lambatu da hayaƙin motocin haya na danfo.

Ƙanena Ladan ke noma ta yanzu, kuma tun farin nan da aka yi gonar ta kwanta. Watan jiya Sanda, wani ɗan garinmu mai rako shanu a jirgin ƙasa, ya kawo mini saƙo daga innarmu Hansai. Ƙullin tsumma ne, a ciki ƙasar gonar ce da zangarniyar gero guda ɗaya, wadda da ƙyar ta fi yatsana tsawo. Ƙasar fara fat, na murza ta tana zuba kamar gishiri. Inna ba ta haɗo da magana ba ko ɗaya. Sanda ne ya gaya mini ciyawar wuta-wuta ta cinye rabin gonar, Ladan ya sare gawo biyu a shekarar yunwa, kara da harawa kuma kwashe su yake yi tas ya kai kasuwa, don haka Fulani sun daina sauka. Ladan ya zuba takin zamani, shekarar farko aka ga haske, daga nan shiru. Yanzu wai zai sayar da ita kafin damina, ya taho Ikko a ci kuɗin mai da shi.

Abin da ke ci mini rai, kullum ina kallon kashin shanu da abin cikin tumbi tuli guda ana kora su lambatu da ruwa. Shanun Arewa ne fa, ciyawarmu suka ci suka zo nan suka zubar. Sai na fara tarawa, ina shanyawa ina ɗurawa a buhu ina jingine su bayan ɗakinmu. A tunanina, taragon da ya kawo shanu ai komawa yake yi, me zai hana ya mayar wa gonar Baba abincinta? To ruwan Ikko ba ya barin komai ya bushe. Buhuna sun taru har sun kai tsayin taga, ƙudajen unguwa duk sun dawo gidanmu. Matata Kande haifaffiyar Agege ce, jikar soja, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ta ce in zaɓa, ko ita ko buhunan. Dattijon Bayaraben da muke haya a gidansa ya fara amsa gaisuwata a taƙaice. A mayanka kuwa har an naɗa ni Sarkin Taki.

Ni ban raina Ikko ba, ta rufa mini asiri. Amma ina kewar gida, Malam. Idan aka sayar da gonar nan, ban san inda zan nuna wa 'yata Hassana in ce daga nan muke ba, yarinyar da ba ta taɓa ganin gero a tsaye ba. In aika da buhunan? In aika wa Ladan kashedi? Ko in tattara iyalina in koma gaba ɗaya?

Naka cikin damuwa,
Mai Kewar Jigawa, Agege

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Ban ɓoye maka ba, na yi dariya da na zo kan sarautarka, amma da na koma kan ƙullin Inna sai dariyar ta tsaya.

Mu fara da buhunan. Kande ta fi ka gaskiya. Ko sun isa tasha lafiya akwai sauran mota da jaki a gabansu, kuma duk abin da ka tara ba zai ƙosar da kusurwa ɗaya ta gonar ba. Ka kai wa masu lambun alayyafo na bakin layin dogo, za su karɓa da hannu biyu. Sannan ka ba mai gidanku haƙuri, ka saya wa Kande turare.

Ladan kuma kada ka aika masa kashedi. Shi ya tsaya ya ga farin da idonsa, ya riƙe tsohuwa, kai kana jin labari daga nesa. Ba son rai ya sa shi ya sa wa gawon ubansa gatari ba. Sai dai shi ma ya yi kuskure, domin gonar ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji. Shekara da shekaru ana kwasa daga jikinta, har karan da za ta rufa da shi ba a bar mata. Takin zamani yana da amfaninsa, amma ba ya sa jigawa ta riƙe laima, sai ya tarar da takin gida a ƙasa.

Maganin duk yana can Kazaure. Da ranin nan a kwashe juji da tokar murhu da kashin awaki a mangala a kai gona. Inda wuta-wuta ta yi yawa a hutar da shi daga gero, a sa wake ko gyaɗa, ita kuma a tuge ta a ƙone kafin ta zubar da iri. Idan kaka ta yi a bar kara a gona, abin da Ladan ke samu a kansa kai ka cike masa, nan ne Ikko za ta yi maka rana. Sannan a maido da Fulani. Kai da kake wuni cikin fataken shanu ba za ka rasa wanda zai haɗa ku da wani Arɗo ba. Shanun za su ba ku taki, kuma 'ya'yan gawon da suka ci za su tsiro a cikin kashinsu, sai ku kiyaye masu tasowa daga garma. Ba aikin damina ɗaya ba ne, ka sa wa ranka uku ko huɗu.

Batun sayarwa, gado ne, da kai da Inna kuna da haƙƙi, ba zai yanke shi kaɗai ba. Amma ba daga Agege za ka riƙe gona da saƙon baki ba. Idan kun zauna ya nace sai ya ga Ikko, ku ba wani ɗan'uwa aronta bisa sharaɗin zai ciyar da ita. Kai ma kada ka tumɓuke Kande dare ɗaya, Agege ita ce jigawarta, kuma ka san zafin abin da za ka ɗora mata.

Abu na ƙarshe. Tsohuwar da ta ƙulla ƙasa a tsumma ta aiko har bakin teku ba taki take roƙo ba, ta san akwai shanu a Arewa. Ɗanta take kira, kunya ce ta hana ta faɗa. Jirgin da kake son ɗora wa buhu, ka hau shi da kanka, ka riƙo hannun Hassana. Ku isa kafin ruwan farko, kada kuma ku juyo sai ya sauka kun tsaya a tsakiyar gonar kun shaƙa.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku tarar da Inna da ƙarfinta, Ya ba mu damina mai albarka.

Malam Sunusi