Rabin Gonarka na Cikin Ruwa

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, maigidana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san wannan takarda ba mai kai maka ita, ko direban da ya fi kowa sanin hanya a tashar Yelwa bai san inda zai ajiye ta ba. Amma kai ka koya mini boko a kan tabarma, kana cewa rubutuna kamar kaza ta yi tono. To, yau ga kazar ta zo maka da labari, kuma ba ka da bakin gyara mini.

Gida lafiya. Lami ta gaji taurin kanka kaf, ba ta rage wa kowa ba. Auta ya fara haɗa magana, kuma duk babur ɗin da ya wuce sai ya ruga ya leƙa. Naka yana zaure, na rufe shi da buhu. Takardun haƙƙinka na koyarwa suna Sakkwato har yanzu, kullum gobe. Inna mahaifiyata ta zo ta zauna da ni har na fita takaba, ba ta kuma koma ba.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar gonar nan ce da ka saya a ƙasar Ngaski, gaba da Wara kaɗan, a bakin ruwan dam.

Ka tuna yadda ka ishe mu da zancen gonar da za ta ciyar da kanta? Kaji su yi kiwo ƙarƙashin itatuwa su bar taki, ganye ya zube ya rufe ƙasa, awaki su ci harawa, a ɗora amya a kan tsamiya, kada a ƙona ko kara ɗaya, kada a sayi takin zamani. Abokanka malamai har Sarkin Noma suke kiranka, kai kuwa kana amsawa ba kunya. Ka cika mini tsakar gida da gwangwanayen madara, kowanne da ɗan dashensa, mangwaro ne, gwaiba ce, lemu, kashu, ɗorawa. Ko wurin shanya na rasa. Na ɗauka zance ne irin na masu albashi, ashe kai ka riga ka yi nisa.

Ka ɓoye mini cinikin har aka gama. Ka bi ƙa'idar mahaifinka na can Jega, cewa gona da damina ake duba ta, in ruwa bai kwanta mata a lokacin ba, ba zai taɓa kwantawa ba. Ka je farkon damina, ka zagaya da mai gonar da wakilin mai gari, ka ga ƙasa a bushe har nesa, ka ce alhamdulillahi. Malam, wannan dokar mutanen tudu ce. Ruwanmu ba ya bin damina. Farkon damina shi ne lokacin da ya fi ja baya. Da kaka yake cika, sannan baƙin ruwa ya iso da sanyi daga ƙasashe masu nisa, ya daɗa masa. Shekara nawa ka yi a Yelwa kana ganinsa? Amma ina za ka lura, kai da ba ka shiga jirgi sai ka ƙare duk addu'ar da ka sani, idonka a rufe?

Yanzu ga abin da ban faɗa maka ba.

Da ciwon ya kwantar da kai ƙarshen damina, ka ce in zauna, ka ba ni labarin gonar. Ka ce ta fara daga wata tsamiya a kan tudu, ta gangara har wurin giginyu. Ka ce a gangaren ƙasa baƙa ce, can ka riga ka dasa mangwaron farko, kuma akwai wata ciyawa mai kauri koriya shar da ba ka san sunanta ba. Ni 'yar tsibiri ce, Malam. Ciyawar burugu ce ka kwatanta mini, ita kuwa ba ta fitowa sai inda ruwa ke kwanciya wata da watanni. Tun ba ka rufe baki ba na san rabin gonarka na ruwa ne.

Na buɗe baki zan faɗa, sai ka riga ni. Ka ce ka daɗe kana lura, duk ranar da muka bi ta bakin ruwa sai in yi shiru, ina duban wajen da tsibirinmu yake kafin dam ya haɗiye shi ina yarinya. Ka ce so kake ka mayar da ni bakin ruwa. Ni da nake ganin na iya ɓoye wannan kewa, ashe kana gani? Sai na haɗiye maganata. Na ce maka gonar ta yi kyau. Ka yi murmushi, kuma da gonarka cikakkiya ka tafi. Na yi daidai? Na tambayi kaina ba iyaka a cikin takaba, ina ba gwangwanayenka ruwa ina kuka. Amma da za a sake, haka zan sake yi.

Da na fita takaba, yayanka Garba ya zo daga Jega kan maganar gado. Muka shiga a-kori-kura har Wara, muka ƙarasa da ƙafa. Tsamiyarka na nan yadda ka faɗa. Giginyun kuwa suna tsaye cikin ruwa har ƙugu, ga wani masunci yana jefa komarsa ta birgi daidai inda mangwaronka yake. Yaya ya yi salati, ya ce an cuci ƙanensa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, dariya ta taso mini tare da hawaye, sai da na toshe baki da mayafi.

Muka nemi tsohon da ya sayar maka. Yaya ya je da faɗa, ya tarar da mutum cikin mamaki. Ya rantse shi ya zaci saboda gangaren nan ka so gonar, don shi ne wurin da ya fi jin ciwon rabuwa da shi. Wa zai tsaya yana gaya wa mai saye cewa ruwa na zuwa? A wurinsu kamar a ce maka rana za ta fito ne.

Yaya bai gamsu ba. Ya ce a sayar da ita, a sayi injin niƙa a kafa a Yelwa, yara su samu abin ci. Kada ka ga laifinsa, marayunka yake ji, kuma maganarsa da hankali. Amma ni na san in gonar nan ta tafi, abu na ƙarshe da ka yi domina ya tafi. Ban iya yi masa gardama ido da ido ba, sai na bi ta bakin Inna, na roƙi ya bar mini ita zuwa saukar damina. Ya yarda, da sharaɗin in ya dawo bai ga abin da zai riƙe yara ba, to ba sauran magana.

Muka kafa bukka a gindin tsamiya, ni da Inna da yaran. Abu na farko, na nemi iyakar ruwa. Ba ta da wuyar gani, layi ne na ƙiraruwa da bawon katantanwa da ruwa ke bari in ya kai ƙarshen cikarsa. Sama da layin na dasa gwangwanayenka. Da ruwa ya fara ja, muka bi shi da shuka yadda ake yi a tsibirinmu, in ya ja, mu shuka, in ya ƙara ja, mu ƙara. Masara, wake, kuɓewa, dankali. Ƙasar ba ta son taki ba ta son ban ruwa, yatsa ma ya isa ya huda ta. Inna da ke kukan gwiwa a Yelwa, sai ga ta a gabana tana min faɗan na cika nawa. Rabon da in gan ta haka tun kafin a tashe mu daga tsibiri.

Ruwan ya bar wani kududdufi kusa da giginyu cike da tarwaɗa, muka ci muka yi banda. Fulanin da ke sauka wajen suka zo neman burugu. Muka shirya, su yanka wa shanunsu, shanun kuma su riƙa kwana a tudunmu suna bar mana taki. Ka ga abin da ka yi ta zanawa a bayan littattafan ɗalibai? Wurin ya daɗe yana yin abinsa, kai ne kawai ka juya shi, ka sa na sama a ƙasa.

Ba komai ya yi daɗi ba. Awakin maƙwabta sun cinye kashun tas. Amyar da na sa aka ɗora har yau ko ƙuda bai kula ta ba. Wata safiya muka tarar dorina ta bi ta kan dankalin, ta mayar da shi turɓaya. Ranar na zauna na yi kuka, na yi maka mita sosai, ko ta iso maka?

Shekaranjiya Yaya ya dawo, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya zagaya daga tsamiya har giginyu, hannu a baya, tafiyarku iri ɗaya. Inna ta karyo masara ta gasa, ta aika masa. Mutumin tudu, ga ɗanyar masara a hannunsa ana tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwan shuka bai sauka ba. Ya daɗe yana juya ta kafin ya ci. Na ga yana share ido da hannun riga, ya ce hayaƙi ne. Da ya gama, ya tambaya ko akwai sauran dashenka. Ɗorawa ɗaya ta rage a gwangwani. Ya karɓi fartanya, ya haƙa da kansa, ya dasa ta sama da layin ruwa. Har ya hau mota bai ambaci injin niƙa ba.

A gangare na tarar da mangwaronka na farko, sun zama busassun tsinke, kowanne da turken da ka kafa masa, ɗaure da ƙyallen tsohuwar rigarka mai ruwan toka. Ban cire ba, na zagaye su da shuka.

Da kaka ruwa zai dawo ya karɓi rabinsa, ni kuma zan zauna a gindin tsamiya in dube shi, ba sai na ɓoye fuska ba. Cewa ka yi za ka mayar da ni bakin ruwa. Ka wuce alkawarinka, Malam, har ƙofar bukka ka kawo mini shi. Na gode. Wannan ma ban samu na faɗa maka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka a inuwar da ta fi ta tsamiyarka. Ka huta lafiya.

Ni ce taka,
Hajara, 'yar tsibiri