Muryar da ke bayan labule

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta kawo mini rikoda, 'yar mitsitsiya kamar akwatin ashana. Wai ta gaji da ganina ina rubuta tunanina a bayan takardar awon mutane, washegari in neme ta in rasa. Gaskiyarta. Shekara shida ina fama da rubuta littafin nan na labarin wani matuƙin jirgi, kuma duk jimlar kirki sai ƙafata na kan keken ɗinki take zuwa. Kafin in nemo biro ta gudu. Na yi wa yarinya godiya, amma a raina na ce ni dai takarda na sani.

Laraba, 5 ga Maris

Na rataye ta a ƙusar tef ɗin awo na gwada. Da yamma na saurara. Ƙarar keke, tarina, sai wani tsoho yana ta "to… wato… sai matuƙin jirgin ya…" Ashe ni ne. Abin da na ɗauka zinariya ne da safe, da na ji shi da kunnena sai kunya ta kama ni.

Daga bayan labule kuma ga maman Auta: "Malam, ina ka kai mini ƙaramin almakashi?" Labulen nan kaɗai ya raba shagona da ɗakinmu, komai na'urar kwashewa take.

Tsarina dai: in kwafe abin da ya yi ma'ana a littafi, in goge sauran. Ba na son tarkace.

Asabar, 8 ga Maris

Na roƙi maman Auta, in ta ga jar fitilar rikodar a kunne ta ɗan yi mini shiru. Ta leƙo da tsintsiya a hannu ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina magana a gidan nan, yau akwatin ashana ne zai kafa mini doka?" Ta yi dariyar nan tata mai ƙarewa da tari, har da dafa ƙofa.

Jimla biyu na samu yau. Na kwafe, na goge.

Talata, 11 ga Maris

Muryarta ta dishe, ya fi wata guda ke nan. Ita ta ce mura ce. Auta ta ce Juma'a asibiti, ba shawara take nema ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ƙari ne a maƙogwaro. Za a yi aiki ranar Alhamis. Likitar ta yi bayani a hankali, tana zana mana a takarda. Ta ce suna sa ran cire shi duka, amma murya ba ta yi mana alkawari ba. Wataƙila ta dawo, wataƙila raɗa kawai, wataƙila babu.

A hanya maman Auta ta ce, "To Malam, ka samu shirun da kake nema." Wasa take yi.

Asabar, 15 ga Maris

Na duba rikodar tun kafin in buɗe shago. Babu komai. Dariyar Asabar ɗin da ta wuce da hannuna na goge ta, saboda wani matuƙin jirgi da ni na ƙirƙire shi. A wayata ma babu muryarta, ita ba ta aika saƙon murya, ɗaga labule kawai take yi.

Na ɗinka aljihu a juye, na farke.

Litinin, 17 ga Maris

Ba zan iya ce mata zauna in ɗauki muryarki ba. Kamar na yanke ƙauna ke nan. Sai na yi dabara. Na kunna, na ɗaga murya kamar ina aikin littafi: "Matuƙin ya fara ganin matarsa a tashar mota, tana sanye da koren mayafi." A tashar mota na fara ganin maman Auta, kuma ta sani.

Ban rufe baki ba labule ya motsa. "Ruwan goro ne! Kore a ina? Kai ne ka zo da koriyar riga mai guntun hannu, wai kai tela."

Minti huɗu tana wanke ni. Ban goge ba.

Talata, 18 ga Maris

Yau na ce an haifi 'yar matuƙin ranar Lahadi. Laraba ce, in ji ta, kuma ana ruwa, kuma ni na manta jakar kaya a cikin tasi. Na ce waƙar da uwar ke yi wa jaririya ta fara da kaza. Ta ce na ɓata ta, ta rera mini daidai, da dishewar da komai.

Likita ta ce ta rage magana. Na san ina cutar ta. Gobe ba zan yi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ban yi ba. Ita ta fito, ta ja kujerar masu jiran ɗinki ta zauna, ta nuna ƙusa da haɓa. "Kunna abin naka. Ka ɗauka ban gane ba? Mutumin da ya san awon ƙugun rabin unguwa da ka, shi zai manta launin mayafina?"

Na kunna. Ta gyara ɗankwali, sai ta ce, "Malam, ka ci abinci." Sau uku ta faɗa, wai in ajiye na safe da na rana da na dare.

Na shiga bayan shago na daɗe ina neman zaren da ke hannuna.

Alhamis, 20 ga Maris

An yi. An cire duka. Alhamdu lillahi.

Laraba, 26 ga Maris

Tana gida. Likita ta ce sati biyu ba magana ko kaɗan. Ta ƙwace littafin da nake kwafe tunanina, da shi take ba da umarni. A ƙarƙashin babi na tara an rubuta: "Rufe taga." Gidan ya yi tsit, har ƙarar keken ta dame ni.

Da rana ta rubuta, "Kunna mini." Na sa mata na mayafi. Ta saurara har ƙarshe, kafaɗunta na rawa, hannu a kan bandeji. Ta rubuta: "Ashe haka nake da surutu?" Na ce ai kaɗan ma ta ji.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ina gugar wata farar riga, hankalina ya tafi wurin matuƙin jirgi. Sai na ji wani abu a bayana, siriri, kamar ana jan zare a cikin yadi.

"Malam. Kwala."

Na ƙona kwalar rigar kuwa, dole in sake wa mai rigar wata. Na tsaya da dutsen guga a hannu ina kallon maman Auta, ita ma tana kallona, ta riƙe labule. Rikodar na rataye a ƙusa, ban ko tuna da ita ba sai da yamma.

Auta ta kira tana tambaya ko na'urar na taimaka wa littafin. Na ce babu laifi. Abu goma sha ɗaya ne a ciki yanzu, na matuƙin jirgi ko ɗaya babu. Ta ce in ta cika in goge tsofaffin. Na ce mata akwai sauran wuri.